Alkawarin Abu Nauras da Tukunyar Makluba

A unguwarmu ta kudancin Irbid, in kana son ka ɓata wuninka, ka tsaya a ƙofar shagon aski ka tambaya ko za a yi ruwa gobe. Kafin ka rufe baki Abu Nauras ya ɗage ƙafar wando ya dafa gwiwarsa. Gwiwar nan, in ji shi, ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Hanyoyin arewa kuwa, daga Ummu Kais har Ajlun, wai duk ya tattake su da ƙafa tun yana soja. Mu da muka san a ɗakin girki ya yi sojan nasa, yana feraye dankali, sai mu yi shiru. Mutumin kirki ne, kuma in ka musa masa magana ɗaya sai ya ƙaro maka goma.

Yana da wata tsohuwar farar mota da yake kira Sarauniya. Shekara talatin da ɗoriya, duk Juma'ar da gari ya yi kyau, ana saukowa daga masallaci za ka ga matarsa Ummu Nauras ta fito da tukunyar makluba, dafa-dukan nan ta shinkafa da kaza da ake kifewa kafin a ci, an kifa mata babban faranti an ɗaure da zane. Ta shiga gaba ta ɗora ta a cinya. Shi kuma ya gyara jan hiraminsa, ya daidaita baƙar igiyar da ke riƙe da shi, ya danna hon don unguwa ta san an tafi shan iska. Da yamma su dawo, ita fuska a murtuke, shi yana bayani. Tana da lasin tuƙi tun tana koyarwa a ƙauye, amma ko sitiyari bai taɓa barin ta taɓa ba, wai Sarauniya ba ta son baƙon hannu.

Ana nan sai yayanta Hajji Ukla ya sayi bas. Duk Juma'a ya kwashe dangi, su tafi su ci su sha, su dawo suna sakace haƙori. Ba a daɗe ba, wata ranar da muke zaune a ƙofar shagon aski, Ummu Nauras ta tsaya da kwandon cefanenta ta ce:

"Abu Nauras, Juma'a mai zuwa bas ɗin Yaya zan bi."

Shayin da ke bakinsa ya sarƙe shi. "Bas? Matata? Ina raye, Sarauniya na raye?"

"Tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa cin makluba da zafinta a gindin bishiya ba. Ko ka ɓata hanya, ko a kore mu, ko mu ci ta cikin mota bayan ta sandare."

"Wannan sharrin hanya ne."

"Hanyar da ka ce tana tafin hannunka?"

Hajji Ukla, wanda ake yi wa gyaran gemu, ya ce daga ciki, "Bar ta ta zo, Abu Nauras. Kai ma akwai wuri a baya, kusa da gawayi."

Wannan magana ce ta tayar da shi tsaye. A gaban mutane, a ce matarka ta bar motarka ta shiga ta gidansu? Ya buga ƙirji ya ce a ba shi shekara guda. Lokacin furanni, lokacin zafi, kakar zaitun, lokacin ƙanƙara, kowanne zai kai ta wurin shaƙatawar da ya fi kyau a arewa. Da hannunsa zai kife tukunya kan faranti, ya ɗaga, shinkafa da kaza da soyayyen yalo su tsaya cak ba ko tsaga, a ci da zafi a gindin bishiya. In shekara ta ƙare hakan bai yiwu ko sau ɗaya ba, shi da kansa zai ɗauki jakarta ya kai mata ƙofar bas.

"Wa zai shaida?" in ji Ummu Nauras.

Duk suka juyo suka dube ni. Ni tsohon malamin makaranta ne da ake kira Ustaz, dangin su biyun, matata ta rasu, kuma kowa ya san ba na ƙin gayyatar abinci. Na ce na yarda. Da na san abin da cikina zai gani, da na ce ina da ciwon baya.

Da furanni suka buɗe muka nufi Ummu Kais. Duk Irbid ta fito. Kowace bishiya da iyalinta, hayaƙin nama na tashi, yara na guje-guje cikin jajayen furanni, ga tafkin Tabariyya can ƙasa yana sheƙi. Kusa da ƙofar shiga muka ga wata bishiya mutanenta suna naɗe shimfiɗa.

"Ga wuri," in ji Ummu Nauras. "Tsaya."

"Nan? Wurin 'yan koyo ke nan. Akwai wani kwari da muka yi sansani, ba wanda ya san shi sai ni da kwamandanmu, shi kuma ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Ya huta."

Muka bar kwalta muka bi turba, muka bar turba muka bi abin da shi kaɗai yake kira hanya. Amma in faɗi gaskiya, inda ya tsaya ya yi kyau: ciyawa shar, ƙatuwar bishiya, ba kowa. Na yi shimfiɗa, Ummu Nauras ta fara kwance zanen tukunya, ƙamshi ya buge ni har na ji idona ya kawo ruwa. Sai Abu Nauras ya ce ba a cin makluba ba ganye. Ya tsinko wani faffaɗan ganye ya ɗaga mana shi.

"Ajiye wannan," in ji ta. "Luf ne, ɗanyensa ƙona baki yake yi."

"Ni za ki koya wa ganyen daji? Wannan ne muke ci ɗanye a sansani."

"Ustaz, gaya masa."

Na ce, "Abu Nauras, ko jikata ta san luf sai an dafa an sake dafawa."

Ya tura shi baki yana kallonmu, ya tauna, ya yi murmushi. Murmushin bai kai ƙarshe ba. Idanunsa suka firfito, ya fara fifita baki da hirami, ya zabura da gudu yana wani kuka da ba na mutane ba. Muka bi shi da gorar ruwa da madarar kwali, ni da tsufana ina tuntuɓe. Sai da muka kama shi muka ɗura masa madara, leɓe ya kumbura ya yi suntum, sannan muka ji ƙararrawa a bayanmu.

Awaki ne, garke guda, a kan shimfiɗarmu. Wani bunsuru ya riga ya kife tukunya, ba a kan faranti ba. Tsohuwar da ke kiwon su ta dogara sanda tana kallonmu.

"Ku kuwa 'ya'yana, duk faɗin ƙasar nan sai kan hanyarsu ta zuwa ruwa?"

A hanyar dawowa, da harshensa ya ɗan saki, abin da ya fara cewa shi ne, "Kun ga yadda suka lashe ta? Ko dabba ta san girkin gidana."

Lokacin zafi ya ce dajin Dibbin. Wannan karon ya yi alkawarin ba zai bar wurin shaƙatawa ba, ba zai ci komai ba sai abin da ya fito daga tukunya. Muka isa, ya wuce duk wuraren da suke shimfiɗe, ya haura da mu can saman tudu, wai iska ta fi kaɗawa kuma mutum ya kamata ya ci abinci yana kallon jama'a a ƙasa.

"Gangare ne," in ji Ummu Nauras.

"Idonki ne ya karkace."

"Kankana ma sai da na tokare ta da dutse."

"Kankana ba ta da natsuwa. Ustaz, buɗe idonka da kyau, yau za ka rubuta tarihi."

Ya naɗe hannun riga. Ya kama tukunya da faranti, ya yi bisimilla da ƙarfi yadda na ƙasa za su ji, ya kife. Ya ƙwanƙwasa gindinta, ya ɗaga a hankali. Wallahi ta tsaya. Yalo a sama ya yi ja, tururi na tashi. Na miƙa hannu da cokali, sai na ga abincin yana nisa da ni. Busasshen ganyen dajin nan santsi gare shi kamar sabulu. Faranti ya kama hanya.

"Ku tare ta! Jama'a ku tare ta!"

Ya bi ta da gudu, hirami na tashi. Ta wuce wasu masu karta, ɗaya ya ce, "A ci lafiya!" Ta wuce wata mata mai shayar da jariri, ta ɗaga ƙafa ta ba ta hanya. Can ƙasa ta daki saiwar bishiya ta watse a tsakiyar wata babbar shimfiɗa, Abu Nauras ya biyo ta da gindi ya tsaya cikin kwanon salak. Da ya ɗaga kai, wa zai gani? Hajji Ukla, da tsinken nama a hannu, da dangi bas guda.

"Marhaba da Abu Nauras! Ka aiko da abinci kuma ka biyo shi? Ai da ka bari mun aiko yaro."

"Ta tsaya!" in ji Abu Nauras yana haki. "Ustaz ya gani, ta tsaya!"

"Ta tsaya ko ta taho?"

Da na gangaro na ce gaskiya ta tsaya, amma ba ta jira an ci ba. Hajji Ukla ya tsinci cinyar kaza daga kan shimfiɗa, ya hure ta, ya ci, ya ce wa ƙanwarsa hannunta na nan yadda ya san shi. Suka ce mu zauna. Abu Nauras ya rantse ba za mu ci naman bas ba. Muka koma tudu muka raba kankana, ni ina jin ƙamshin tsire yana hawowa, ina tambayar kaina laifin me na yi wa Allah.

Da kakar zaitun ta zo, sama ta yi baƙi tun safe. Ummu Nauras ta leƙa ta ce a fasa.

Ya dafa gwiwa ya saurara kamar likita. "Shiru take. Ko ɗigo ba za a yi ba. Wadi Rayyan za mu, mu zauna bakin ruwa."

Ba mu ga bakin ruwa ba. Ya ce ya san wata 'yar gajeriyar hanya, ta kai mu ta dire cikin gonar zaitun, mutane cike, an shimfiɗa buhuna a gindin itatuwa, maza a kan tsani, mata na tsince. Wani dattijo mai gonar ya taho hannu a buɗe.

"Sannunku, sannunku! Ku ne mutanen da surukina ya ce za su zo gayya daga Irbid? Har da abinci? Allah ya saka!"

Ummu Nauras ta buɗe baki za ta ce ɓata muka yi. Abu Nauras ya riga ta. Mutuwa ta fi masa sauƙi da ya ce ya ɓata a gaban baƙo.

"Mu ne," in ji shi. "Ina itacen da ya gagari samarinku?"

Kafin in ƙifta ido wata mata ta karɓe tukunya daga cinyar Ummu Nauras ta yi wajen murhu da ita. Aka ba ni buhu, aka ba ta buhu, aka tura mu can ƙarshen gona. Abu Nauras ya hau wani tsohon itace yana gaya wa samari cewa kakansa da hannu ɗaya yake kaɗe irinsa. Ni da na yi shekaru ina riƙe alli, ga ni durƙushe ina tsintar zaitun da yunwa.

"Ustaz," in ji Ummu Nauras, ba ta ko ɗago ba, "kana rubutawa?"

"Bayana yana rubutawa."

Da aka kira cin abinci, kafin mu tako daga ƙarshen gona, 'yan gayya sun yi wa farantinmu zobe. Muka tarar da ƙashi da 'yar shinkafar da ta manne a gefe. Matar da ta kife ta ce wallahi ta tsaya kyam, ba ta taɓa ganin irinta ba, a gaya mata sirrin. Ana cikin haka sama ta tsage, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya ruga kwashe buhuna, wani saurayi ya sure tsani ya yi wajen rumfa da shi. Abu Nauras na sama yana kira, ba mai ji. Da ya gaji ya ce zai diro irin na sojoji. Ya diro irin na buhu.

Muka kwaso shi jiƙe sharkaf, yana ɗingishi. Mai gona ya ba mu kwalbar man zaitun da godiya mai yawa. A mota Ummu Nauras ta ce, "Gwiwar fa? Har yanzu shiru?"

"Yanzu tana magana," in ji shi a hankali.

Sanyi ya shigo, saura dama ɗaya. Hajji Ukla ya sa aka ɗinka matashi aka ajiye a kujerar bas ta kusa da taga, duk wanda ya wuce sai ya nuna masa ya ce na ƙanwarsa ne. Wata safiya na fito na tarar da Abu Nauras shi kaɗai, ya buɗe ƙofar Sarauniya yana goge kujerar gaba da tsumma. Bai yi mini zancen gwiwa ba, bai yi na soja ba.

"Ustaz," ya ce, "tun ranar da na sayi motar nan ba wanda ya zauna a nan sai ita. In ta koma bas, da wa zan yi magana a hanya?"

Na ji tausayinsa ƙwarai, har na manta yunwar da ya sa ni. Na ce, "To wannan karon ka tsaya a bishiyar farko, ka kife, mu ci. Shi ke nan."

Ya ce in sha Allahu haka za a yi.

Ƙanƙara ta sauka a duwatsun Ajlun, Juma'a ta zo, rabin gari ya hau. Wurin shaƙatawa ya yi fari fat, itatuwa sun sunkuya, manya sun koma yara suna jifan juna. Abu Nauras, abin mamaki, ya tsaya a bishiyar farko. Ummu Nauras ta fito da tukunya ta ɗora a bayan mota, ta dube shi, na ga ita ma zuciyarta ta yi laushi.

"Ga bishiya, ga tukunya da zafinta, ga Ustaz. Kife ta nan, mu ci a tsaye, na yarda."

Na riga na fito da cokalina daga aljihu. Ya kama zanen zai kwance. Sai wata mota ta wuce mu tana hon, an gina mutum-mutumin ƙanƙara a kan bonet, kamar yadda kowa ke yi in zai koma gari don a san ya je. Wata ta biyo, nata har da hula. Hannun Abu Nauras ya tsaya a kan ƙulli.

"Nan wa zai gani?" in ji shi.

"Ni," in ji ta.

"Da ni," na ce. "Don girman Allah, Abu Nauras."

"A gaban unguwa aka yi mini dariya, a gaban unguwa zan kife ta. Lambun bakin layinmu ba wurin shaƙatawa ba ne? Ba bishiyar zaitun a ciki? Can za mu. Kuma da mutumin ƙanƙarar da Irbid ba ta taɓa ganin irinsa ba."

"Kafin mu kai ta huce."

Ya ɗaga yatsa, fuskarsa ta yi haske irin wanda na koyi jin tsoronsa. "Shi ya sa Allah ya ba wasu kai. Inji na da zafi ko ba shi da shi? Tukunya a kan bonet, ba za ta huce ba. Mutumin kuma a gina shi a kanta, ta riƙe shi kada ya zame."

"Tukunya mai zafi," in ji Ummu Nauras, "a cikin ƙanƙara."

"Kowa da aikinsa. Ita ta ba shi gindin zama, shi ya rufe ta daga iska."

Ta dube shi, ta dube ni, ta shiga mota ta rufe ƙofa. Shi ya gina mutuminsa, ƙato, da tumbi kamar na mai gari. Ya yi masa gashin baki da reshe. Da ya ga kan ba kwarjini, ya cire jan hiraminsa da igiyar ya naɗa masa, ya bar sanƙonsa a fili, abin da ko mai aski sai ya rufe ƙofa yake gani. Sannan ya buga waya shagon aski ya ce a tara mutane, a kira Hajji Ukla musamman.

Da muka shiga mota sai ya gano ba ya ganin hanya, bayan mutumin kawai yake gani.

"Ustaz, leƙa ta taga ka riƙa gaya mini."

Haka muka gangaro daga Ajlun, kaina a waje, kunnuwana sun daina zama nawa, ina ihun dama, hagu, rami, jaki. Tun ba mu yi nisa ba mutumin ya fara gumi. Ruwa na bin gilashi. Can sai ƙamshin kaza ya fara fita daga tumbinsa. Wani mai tasi ya jera da mu ya leƙo.

"Baffa, mutumin naka me ya ci?"

"Wuce ka ba mu wuri!"

"Wallahi yana rama, ku kai shi asibiti!"

Kafin mu shiga unguwa ya zabge, wuya ya karkace, gashin baki ya koma haɓa. Amma hirami na nan, kuma jama'a sun cika bakin lambu, yara a kan katanga, mai aski da almakashi a hannu, Hajji Ukla a gaba ya harɗe hannuwa kusa da bas ɗinsa. Abu Nauras ya kwanta kan hon. Ya ce zai tsaya daidai yatsun Hajji, tsayawar da ake yi wa manyan baƙi.

"A hankali," in ji Ummu Nauras.

Ya take birki da duk ƙarfinsa.

Mutumin ƙanƙara ya rusuna kamar mai gaisuwa. Kansa ya cire ya gangara, da hirami da igiya, ya tsaya a kan takalmin Hajji Ukla. Tumbin ya fashe. Tukunya ta fito ta yi sama, ɗaure da farantinta, ta juya a iska, ta sauka ƙasa tim a gindin bishiyar zaitun, faranti a ƙasa, gindi a sama.

Abu Nauras ya fito, sanƙo na sheƙi, ya rasa inda zai sa hannunsa. Sai wani yaro a kan katanga ya fashe da dariya, unguwa duka ta ɗauka, har mai aski sai da ya zauna a ƙasa. Hajji Ukla ya ɗaga hiramin da yatsu biyu yana ɗiga.

"Wanne ne Abu Nauras a cikinku? Wannan ya fi kama."

Ummu Nauras ba ta yi dariya ba. Ta taka zuwa gindin bishiya, ta durƙusa, ta kwance zane, ta ƙwanƙwasa gindin tukunya, ta ɗaga. Makluba ta tsaya cak, ko tsaga babu, tururi na tashi cikin sanyi. Ban jira kowa ba. Na durƙusa na sa cokali, kuma ina shaida har gaban Allah da zafinta.

"Ta tsaya!" Abu Nauras ya daka tsalle, ya manta da gwiwa. "A gindin bishiya! Ustaz na ci! Na cika alkawari!"

"Da hannunka ka ce," in ji Hajji Ukla.

"Ƙafata ce ta taka birki!"

"To ƙafa hannu ce? Ustaz, yanke mana."

Na haɗiye, na ce, "Ta tsaya, a gindin bishiya, an ci da zafi. Amma wanda ya kife ta ba ya cikin masu hannu. Sarauniya ce."

Aka sake kwashewa da dariya. Abu Nauras bai yi ba. Ya dubi matarsa, ya dubi bas, ya tafi ya buɗe mota ya ɗauko jakarta, ya riƙe da hannu biyu ya nufi ƙofar bas, kansa a ƙasa. Dariyar ta mutu da kanta.

"Ina za ka da jakata?" in ji Ummu Nauras.

"Alkawari na yi."

"Ni da wadda ta cika alkawari zan zauna. Yaya, ka ba wata matashin." Ta miƙe ta karkaɗe zaninta, ta buɗe tafin hannu a gaban mijinta. "Makulli."

"Sarauniya ba ta son baƙon..."

"Makulli, Abu Nauras. Ko jaka."

Ya dubi jaka, ya dubi makulli. Ya miƙa makulli.

Da furanni suka sake buɗewa muka koma Ummu Kais. A shagon aski ya riga ya gaya wa kowa cewa duk dabararsa ce, shi ya auna birkin, kuma shi ya ga ya dace a koya wa Sarauniya hannu na biyu. Ummu Nauras na tuƙi, ni ina baya, shi yana kujerar da ya goge, tukunya a cinyarsa. Ya ce hagu, ta yi dama. Ya ce akwai wani kwari, ta ƙara wa rediyo murya. Muna hawa tudu ya fara mutsu-mutsu, ya ɗaga tukunyar, ya sauke, ya sake ɗagawa.

"Ummu Nauras," ya ce, "abin nan fa yana ƙona cinya."

Ba ta ɗauke ido daga hanya ba.

"Na sani," in ji ta.